Ni Nake Kwance Notin da Ke Kayar da Jirgin Baba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni kafinta ne daga wajen Maraɗi, shekarata shida a Riyad, ina aiki a wani shagon katako a Birnin Masana'antu na Biyu. Mu takwas ne a ɗakin kwana, ni kaɗai ne Bahaushe. Sati yakan zo ya wuce ban yi Hausa da kowa ba sai a waya, matata kuwa kullum tana cikin hidimar yara, minti biyar ta ce sai anjima. Ko sunana ba mai kira, "ya sadik", wato "aboki", ne kawai daga safe har yamma. Ran Juma'a nakan tafi Batha in yi ta zagaya kasuwa ba don sayen komai ba, ko Allah zai sa in ji wani ya yi Hausa a bayana. Kun taɓa jin kaɗaicin da mutum zai riƙa yi wa katako magana? To ni na yi.

Wata tara da suka wuce kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya tura ni gidan wani dattijo mai son a yi masa aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da Larabci ya tambaye ni ƙasarmu, na ce Nijar. Sai ya dube ni ya ce, "Ina gajiya, ɗan nan?" Wallahi saura kaɗan jakar kayan aikina ta suɓuce. Ashe kakansa ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa tsohuwa ce irin ta kakata, 'ya'yansa kuwa ba mai jin ko "zo". Tun ranar nake ce masa Baba.

Baba ya yi shekara talatin yana duba layin dogo kafin ya yi ritaya. Burinsa ya shimfiɗa ƙaramin layi na ƙananan jiragen ƙasan nan na wasa masu aiki da lantarki, ya zagaye bango uku na ɗakin. Nawa aikin shi ne teburan da layin zai hau. Na yanka katako na haɗa firam shida, na rufe su da fallen katako, tsayinsu daidai ƙirjinsa in yana zaune, don gwiwoyinsa ba sa barinsa tsayuwa balle durƙuso. Daɓen ɗakin ya ɗan gangara wajen magudanar ruwa, don haka kowace ƙafa na sa mata noti a ƙasa, a juya shi teburin ya ɗaga ko ya sauka har ɗigon ma'aunin ruwa ya tsaya a tsakiya. Duk Juma'a bayan masallaci nake zuwa. Ina aiki yana zuba mini gahawa, yana tura mini dabino, yana tsokanata wai ga mai gina hanyar jirgi alhali garinsu ko usur ɗin jirgi ba a taɓa ji ba. Ni ma in rama in ce Hausarsa ta fi shi tsufa. Ban taɓa dariya a ƙasar nan irin ta ɗakin nan ba.

Juma'a ta bakwai aiki ya ƙare. Ya shimfiɗa layinsa da hannunsa, jirgi ya zagaya lafiya lau, ya ce, "Khalas, ɗana, naka ya ƙare. Allah ya yi maka albarka." Shi ke nan in koma zagayen Batha? Na durƙusa kamar mai tattara kaya, na sa sifana na kwance notin ƙafar da ke ƙarƙashin kwanar layin juyi biyu. Juyi biyu kawai. Mahaɗar tebur biyu ta goce da kaurin farce, ido ba ya gani amma tayar jirgi tana ji.

Ran Laraba ya kira ni, jirgi yana sauka daga layi. Ina kunyar faɗa, amma murna na yi. Na je Juma'a na leƙa ƙarƙashi na mayar da notin, jirgi ya tafi, muka sha gahawa, da zan tafi na kwance na wata ƙafar. Haka nake yi wata bakwai. Kullum in ce wannan ne na ƙarshe, kullum in tuna ɗakin mutum takwas sai hannuna ya kai ga sifana. Na riƙa ce wa kaina ai shi ma yana jin daɗin zuwana, wa na cuta?

Ban lura da abin da nake yi masa ba sai kwanan nan. Ya daina tsokanata. Ya canza tabarau sau biyu. Yakan ɗaga hannunsa ya zuba masa ido yana kallon yadda yake rawa. Juma'ar da ta wuce 'yarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ya daina sauka ɗakin in ba na nan, abinci ma sai an matsa masa. Da na sauka na same shi zaune, jirgin a kife a kwana bai ɗaga shi ba. Ya ce, "Ɗana, shekara talatin ba jirgin da ya taɓa sauka daga layin da na duba. Yau ga na wasa ya gagare ni. In kana nan yana tafiya, in ka tafi na taɓa shi sai ya faɗi. Ashe ni ne. Ido ya tafi, hannu ya tafi." Na ce, "Baba, ba haka ba ne." Ya ce, "Teburinka ba shi da laifi, aikinka tsaf yake. Juma'a mai zuwa ka zo da kayan aikinka ka kwance shi duka. Kuma ka yafe mini, na cinye maka ranakun hutunka a banza."

Shi ne yake neman gafarata, jama'a. Ni.

Yau Talata. In na ɗaure notocin na yi shiru jirgi zai tafi, amma zai ce don ina nan ne, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. In na faɗa masa gaskiya zai san idonsa da hannunsa lafiya lau suke, amma da wane ido zai sake dubana, kuma wa zai sake ce mini ɗana a garin nan? In kuwa na bi umarninsa na kwance teburan, zai ƙarasa rayuwarsa yana ganin shi ne ya gaza, alhali sifanar tana cikin jakata.

Saura kwana uku. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?