Ƙwayoyin da Nake Tsinta a Aljihun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Da fatan wurin ɗinkin ya daina damun ka. Mu nan Bagama lafiya lau, sai dai abu ɗaya.

Watan jiya likita ya ce Baba ya kamu da ciwon suga. Ya ce hakan na faruwa bayan dashen ƙoda, wani lokaci ma maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar ne ke jawo shi. Amma ya ja kunne kada a kuskura a daina sha, in ba haka ba ƙodar da rayuwar duka suna cikin haɗari. Baba ya ce to. Ni dai ban yarda da wannan to ɗin ba.

Sau uku ke nan ina wanke rigarsa ina tarar da ƙwayoyin sun jiƙe a aljihu. Da na tambaye shi sai ya ce, “Zubewa suka yi, Hauwa.” Zubewa a cikin aljihu? Ga shi yanzu duk Alhamis sai ya tafi Lambata wai gai da aboki, ya dawo da gorar maganin gargajiya a baƙar leda, ya tura ƙarƙashin gado.

Inna na gaishe ku. Ku sa mu a addu'a. Amma ka kira shi yau, Yaya. Ni in na matsa sai ya ce ba ruwana. Kai ba zai iya faɗa maka haka ba, ƙodarka ce a jikinsa.

Ƙanwarka,
Hauwa