Ƙas a Muryar Baba

Zuwa ga ƙanwata Fauziyya,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya aikin sitidiyo? Inna tana gaishe ki. Na aiko takarda ta hannun direba don ba na son maganar nan a waya, wurin cajin garinmu kunnuwa sun yi yawa.

Muryar marigayi Baba da kika ɗauka yana jinya, wadda kika gyara kika turo, na kunna ta gaban dagaci. Daidai inda Baba zai faɗi iyakar fadamarmu da ta Baffa Sama'ilu, sai aka ji ƙas, sannan murya ta yi ƙarfi: "Iyaka tana kan gamba." Baffa ya miƙe ya ce an yanke, an liƙa. Dagaci ya ce ranar Juma'a in rantse ba a taɓa ba, ko mu janye iyakarmu har bakin rijiyar da ke cikin fadamarmu.

Fauziyya, ban kwana da daɗi ba. Me kika cire? In taimakonmu kika yi, ki faɗa min kafin in ɗauki Alƙur'ani.

Yayanki,
Basiru

Yaya Basiru,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni zan yanke bakin Baba?

Ga abin da ya faru. A wurin nan numfashinsa ya yi ƙasa, sai na ɗaga muryar da wata ƙaramar manhaja da nake ƙerawa. Tana da maɓalli da ake murzawa. Kuskurena shi ne, in aka murza, ƙarfin sauti tsalle yake yi daga ƙasa zuwa sama lokaci guda, tsallen ne kunne ke ji ƙas. Yanzu na gyara: ko an fizgi maɓallin, sautin a hankali yake hawa, kamar yadda kake sakin ruwa a kwamin albasa don kada ya ci bakin. In na jinkirta shi da yawa, hannu ya riga sauti. In na gaggauta, ƙas ya dawo. Na sha wuya kafin na sami tsakiya.

Na turo sabuwar. Ka saurara da kyau.

Taka,
Fauziyya

Fauziyya,

Bayan gaisuwa. Na saurara har sau ba adadi. Babu ƙas, sumul, ko ɗinki ba a ji.

Shi ne ya ƙara tayar min da hankali. Da, in an taɓa muryar, tana yin ƙara. Yanzu kin koya mata yin shiru. To in hannunki zai shiga ya fita ba sawu, ni a kan me zan rantse? Baffa ya ji mai ƙas da kunnensa. In na kawo wannan, cewa zai yi ɓarawo ya dawo ya share sawunsa. Ni ma, Allah Ya yafe min, tunanin ya zo min.

Ki turo ta asali, yadda ta fito daga bakinsa.

Basiru

Yaya,

Ga ta nan. Da ƙyar ake jin wurin iyakar, kana iya rasa fadamar a kanta. Amma tunda haka ka ɗauke ni, ka kai. Allah Ya ba da sa'a.

Fauziyya

Ƙanwata,

Salam. Na kai. Ba wanda ya ji komai sai tari. Baffa ya karɓi wayar ya manna a kunne, ya daɗe. Da ya sauke, idonsa ya yi ja. Ya ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, gamba marigayi ya ce. A bar rantsuwa."

Ya ce ki turo masa mai sumul ɗin, yana son jin yayansa da ƙarfi.

Direba zai ba ki gyaɗa da albasa. In kin karɓa, na san kin yafe min. In kin dawo da su, ban ga laifinki ba.

Yayanki,
Basiru