Inna Ta Ce Ba Ta Tsoron Wuta

Wa ya taɓa leƙa gidan wuta ya dawo mana da sunayen waɗanda ke ciki? Kai da kake karanta wannan takarda a jikin ƙofar majami'a, ko kai da ake karanta maka ita a kasuwar Kuyello, ka san mutum ɗaya da ya je ya dawo? In ba ka sani ba, tsaya ka saurara. Amma ba da kai nake ba tukuna, da uwata nake.

Zuwa ga Inna, maginiyar tukwane, wadda muka kwantar a bakin daji cikin bazarar nan.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina fata kina cikin hutu. Na ce ina fata ne don an tsaya a kan kabarinki an ce ba hutu kike yi ba, kuma wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san ba ki iya karatu ba. Ni ma ba wanda ya zaunar da ni a aji. A jikin motocin da ke bin hanyar Kaduna na tsinci baƙaƙena, lokacin da muke zuba tsakuwa a wajen Birnin Gwari, daga nan na kama Littafin Allah ina tuntuɓe a ciki har ƙafata ta zauna. Kin sha yi mini dariya kina cewa ina magana da takarda kamar mai aljanu. To yau takardar ce za ta yi magana a madadinki.

Inna, ƙanwata Ladi ta ƙi hura wuta a matoya, inda kike toya tukwane. Tukwanen da kika gina na ƙarshe suna nan ɗanyu a jere a rumfa, randuna da tuluna da ƙananan tukwanen miya, da sawun yatsunki a wuyan kowacce. Ta tara kirare, ta yanko ciyawa, ta jiƙa makuba ta shafa wa tukwane kamar yadda kika koya mata. Sai ta ɗauko garwashi, ta zubar ta gudu ɗaki. Ta ce in harshen wuta ya tashi fuskarki take gani a ciki. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Dogon Dawa, rumfar kuwa kin san yadda take yoyo. Ruwan farko in ya same su a haka, laka za su koma.

Bari in faɗi yadda aka yi, don masu leƙen takardar nan su ji daga bakin ɗanki.

Ba tsoro ne ya kai ki majami'a ba. Shekarar da itace ya danne Baba a daji muka rasa shi, matan zumunta ne suka zo da fartanyu suka nome miki gonar dawa, ba ki roƙe su ba, ba kya cikinsu. Kika tsaya a bakin kunya kina kallonsu suna noma suna waƙa. Da suka tafi kika ce da mu da yarenmu, “Waɗannan akwai wanda ya koya musu. Ina so in san shi.” Ran Lahadi kika saɓa tulu a kafaɗa, yadda matanmu na Gbagyi ke ɗaukar kaya, kika kai musu ruwan sha. Daga baya kika gina babbar randar nan da ke ƙofar majami'a har yau. Ba wanda ya sa ki.

Ni ne tsoro ya kai, ba na ɓoyewa. Malam Ayuba mai bishara yana da wani zane da yake ratayawa a jikin ɗorawa in zai yi wa'azi, mutane tsirara a cikin jan harshen wuta, bakunansu a buɗe. Na gan shi ina saurayi, na ɗaga hannu tun kafin a gama kira. Aka yi mini tambayoyi na amsa kamar aku, aka tsoma ni a rafi. Ni da na zo a guje aka karɓe ni. Ke da kika zo da ƙafarki a natse, da tulu a kafaɗa, aka ce ki koma.

Kin yi damina guda kina zuwa ajin baftisma. Da Hausa ake koyarwa, Hausarki kuwa ta kasuwa ce, ta “nawa ne” da “albarka”. Malam Ayuba ba ɗan ƙasar nan ba ne, ko gaisuwa bai iya da Gbagyi ba, shekara da shekaru yana cin tuwonmu. Da kaka ta yi, aka jera ku a benci ana tambayarku ɗaya bayan ɗaya kafin fasto ya zo. Ni ina bakin aiki a hanya, Ladi ce take wurin, ita ta gaya mini, matan zumunta kuma sun tabbatar. Da ya zo kanki ya ce, “Kina tsoron wuta?”

Wuta ya ce, Inna. Bai ce gidan wuta ba, bai ce Jahannama ba. Wuta, kalmar da ake cewa a ɗebo a maƙwabta in murhu ya mutu. Ya tambayi macen da tun tana yarinya take shiga matoya da dogon sanda tana jawo tukwane jajur, macen da gashin hannunta ya daɗe da ƙonewa. Me za ki ce? Kika yi dariya kika ce, “Ni? Ba na tsoron wuta. Da ita nake ci.”

Mata suka kwashe da dariya don sun gane inda kika nufa. Ladi ta miƙe za ta yi bayani, ya ce ta zauna, ba ita ake tambaya ba. Ya ce zuciyarki ba ta karye ba tukuna, ki sake shekara. Kika dawo gida ba ki san laifinki ba. Da Ladi ta fassara miki, kika riƙe baki kika ce, “Ashe waccan yake nufi. To me ya hana shi faɗa?” Ba ki yi fushi ba. Ran Lahadi kika cika randarsu kamar kullum. Ni da na dawo na ji, na ce zan je in same shi, kika hana ni, kika ce baɗi ma rana ce.

Baɗin bai zo miki ba. Zafi ya shigo, sanƙarau ya bi ƙauyuka, ya kama wuyanki. Kafin a sami motar da za ta fitar da ke daga wannan hanya tamu, kin tafi.

Sai ranar binnewa. Ina tsaye da ƙasa a hannuna, Ladi tana jingine da kafaɗata, ga mutanen gari, ga Fulanin ruga da kike yi wa tukwanen nono, ga maƙwabtanmu Musulmi da suka taya mu haƙa. A gaban duk waɗannan Malam Ayuba ya ɗaga murya ya ce, “Wannan mata ta faɗa da bakinta ba ta tsoron wuta. Yau ta gani. Wanda bai shirya ba ya shirya.”

Yau ta gani! Inna, ƙasar da ke hannuna ban san lokacin da ta zube ba. Wata tsohuwar Bafillatana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta tafi tana girgiza kai. Ita da ba addininmu ɗaya ba ta ji kunyar maganar. Dattawan ikilisiya kuwa suka sunkuyar da kai kamar an aiko su ƙirga tururuwa. A cikinsu akwai waɗanda suka san abin da kika nufa sarai, da yarenki suke mafarki. Ba wanda ya yi tari.

Ban fara da takarda ba, kada a ce yaron nan ba shi da kunya. Na bari aka share makoki, na je gidansa, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Na warware masa zancen tun daga matoya har benci. Ya saurara, ban hana shi wannan ba. Da na gama ya ce shi abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Na ce to yanzu kunnen ya ji sauran, ya tashi ran Lahadi ya gyara. Sai ya ce, “Ɗana, ka ga yadda aji ya cika tun ranar nan? In ban tsorata su ba, wa zai zo?”

Kin ji, Inna? Aji ya cika. Gaskiya ne, ya cika har ana zama a ƙasa. Da gawarki aka cika shi. An mai da ke dodon gona, an kafa ki a bakin kabari don tsuntsaye su firgita su faɗa cikin raga. Kuma wai in yi shiru don aikin Ubangiji yana ci gaba. Wane irin aiki ne wannan da ba ya tafiya sai an ɗora shi a kan ƙaryar da aka yi wa matacciya?

Ban ce babu wuta ba. Kada wani ya ruga ya ce ɗan maginiya ya yi ridda. Na karanta, tana nan a rubuce, kuma Yesu da kansa ya yi gargaɗi a kanta. Amma na bi wuraren da ya yi gargaɗin da yatsana, layi layi, sai na ga yawanci da masu dogayen riguna yake, masu tsayawa a ƙofa su hana wasu shiga, da masu ƙoshi da ke tsallake mayunwaci a bakin zaure. Ban ga inda ya tsaya a kan kabarin gwauruwa ya yi wa 'ya'yanta albishir da wuta ba. Na kuma karanta labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da shi. Wane aji ya shiga? Wane rafi aka kai shi? Wa ya tambaye shi ko yana tsoro? Juyowa kawai ya yi ya roƙa a tuna da shi, aka karɓe shi nan take. Ke kuwa damina guda kina juyowa.

Na san abin da tsoro yake yi wa mutum, don na zauna a cikinsa. Yana kawo ka bakin ƙofa da gudu, wannan gaskiya ne. Amma shekarun da na yi ina addu'a don kada a ƙone ni, ban taɓa ƙaunar Allah ba, lallaɓa shi nake yi kamar yadda muke lallaɓa ɗan sandan da ya tare mota. A wurinki na fara ganin wani abu dabam. Kina dawowa daga sujada kina ta maimaita waƙar da rabin kalmominta ba ki gane ba, kina murje yumɓu kina murmushi, kamar wadda aka gaya wa wani sirri mai daɗi. Ke ba ki san zanen jikin ɗorawa da wani muhimmanci ba. Kin taɓa cewa wanda ya zana shi bai taɓa tsayawa kusa da wuta ba, don wuta mai zafin gaske ba ja ba ce.

Malam Ayuba ba shaiɗan ba ne, kin san ba zan yi masa ƙage ba. Ya sha ratsa dajin nan a kan keke da maganin gyambo, shi ya wanke ƙafar Baba wata shekara. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da mahaukaci ne ya faɗa a kasuwa, da Ladi ta yi tsaki ta wuce. Amma bakin da ya koya mata addu'a ne ya faɗa, don haka ta gaskata. Na yi mata bayani har muryata ta dushe. Ta ce, “Yaya, kai leburan hanya ne, shi kuwa mai bishara ne.” Ba za ta ji daga gare ni ba. Bakin da ya ɗaura, shi zai kwance, kuma a gaban mutanen da ya ɗaura.

Inna, ina kewarki. Ina kewar yadda kike ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa ki kara kunne, in ta yi ƙara mai daɗi ki ce ta nuna. Ina tuna yadda ba kya matsawa daga matoya ko ruwa ba kya sha sai kin fitar da ta ƙarshe, kina cewa ba za ki bar abin da kika gina da hannunki ya wuce lokacinsa a ciki ba. Ban san duk abin da Allah yake yi da wutarsa ba, ban kai nan a karatu ba. Amma ban yarda kin fi shi tausayin abin da kika gina ba.

Ubangiji wanda ya san kowane yare, wanda ba ya bukatar tafinta, ya ji amsarki yadda kika nufe ta. Ya tuna da ruwan da kika ɗauka a kafaɗa. Ya ba ki inuwa mai sanyi, ya haɗa ki da wanda kika ce kina so ki sani. Ya kwantar da zuciyar Ladi, ya riƙe ruwan sama har ta toya tukwanenki. Ni kuma ya rage mini zafin baki, amma ba yau ba. Amin.

Ɗanki da ba ya jin bari,
Yohanna.

Yanzu kai, Malam Ayuba. Ran Lahadi mai zuwa ina benci na gaba, Ladi tana gefena. Ku ma dattawa, ku zo da kunnuwanku da harshen da kuka haɗiye. Kafin ka ɗebi ruwa a randar da ke ƙofa, ka tsaya ka dube ta, ka tuna wadda ta gina ta. Sa'an nan ka hau gaban jama'a ka gaya mana: wace wuta ka tambayi uwata, wace wuta ta amsa maka, kuma wa ya nuna maka inda take? In ka gani da idonka, faɗa mana ranar da ka je. In ba ka gani ba, faɗi haka da ƙarfi, a sa wani ya juya shi da Gbagyi don Ladi ta ji da yaren uwarta. Hadari ba zai jira ka ba. Muna sauraro.