Firij ɗin Ƙyanƙyasa ya Tsaya a Kwana na Tara

Mahuta, 20 ga Satumba, 2021

Maigida Baban Zakiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aikin sola na Kano kuma yana tafiya daidai. Mu nan ƙalau muke. Har yanzu ba a dawo mana da sabis ɗin waya ba, shi ya sa na ba Ɗanasabe direba wannan takarda.

Tsohon firij ɗin da ka mayar na ƙyanƙyasa ya tsaya yau da hantsi. Ƙwai tasa'in ne a ciki, kwanansu tara, kuma ka san sittin na Inna ne, sai da ka daɗe kana lallashi sannan ta ba ka. Fanka tana juyawa, batir cike yake, amma gulob ɗin da ke ɗumama ƙwan ba ya kamawa. Ƙas-ƙas ɗin da allon kula da zafi yake yi ma ya daina. Na sunsuna, na ji ƙauri daga ɗan baƙin akwatin da ke jikinsa.

Na naɗe kwalaben ruwan zafi huɗu da tsumma na jera a ƙarƙashin ƙwan. Inna ta ce za ta riƙa canzawa, ni in tafi Funtuwa da allon. Ban sami hanyar neman izninka ba, ka yi haƙuri.

Matarka,
Mansura


Mahuta, 22 ga Satumba

Maigida,

Ina gaisuwa, yaya gajiya? Na je shagon Alhaji Raufu inda kake sayen kaya. Ba ya nan, sai 'yarsa Folake. Ta dangwala mita a ƙafafun baƙin akwatin, ta ce rile ake ce masa, shi ke kunna gulob ya kashe, kuma ya ƙone. Akwai sabo, amma ta ce in na mayar gida ya sake lalacewa, wa zan kira? Sai ta miƙo mini ƙarfen dalma.

Sau uku ina ɓatawa, na kuma ƙona ɗan yatsa. Ta koya mini cewa ƙafar rilen da allon ake ɗumamawa tare, sannan a taɓa dalma ta narke da kanta. Mai kyau tana sheƙi, in ta yi dunƙule ba ta kama ba. Ta ce a cire batir kafin a taɓa komai, a kuma sa fiyus a jar waya, wanda kai ba ka sa ba.

Na dawo kafin la'asar na haɗa. Gulob ya kama. Inna ta kwashe kwalabenta ta fita. Ban san ƙwai nawa suka rayu ba.

Taka,
Mansura


Mahuta, 4 ga Oktoba

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na gode da ba ka yi fushi ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ranar da na haɗa allon, na ga ka ɗaure kan wayar da ke auna zafi kusa da gulob. Wurin ya fi ko'ina zafi, don haka gulob yake mutuwa tun ƙwai ba su ɗumama ba. Na sa ma'aunin zafi na asibiti tsakanin ƙwan, bai kai talatin da shida ba. Na sauko da wayar daidai tsayin ƙwai, na ɗaure da zare, ya tsaya a talatin da bakwai da rabi.

'Yan tsakin sun makara da kwana ɗaya. Sittin da takwas suka fito, biyu sun mutu daga baya. Karon da ya wuce arba'in ka samu. Inna ta ƙirga nata sau biyu, ta ce a gaya maka ta tara wasu ƙwan, amma ni za ta ba.

Folake ta aiko mini da ƙarfen dalma mai aiki da batir, na fara gwada haɗa abin ƙyanƙyasa na biyu da tsohuwar kular ƙanƙara. In za ka taho ka zo da rile biyu da ƙaramar fanka. Kuma don Allah in ka iso kada ka buɗe firij ɗin sai na nuna maka inda komai yake.

Matarka mai kewarka,
Mansura