Gicciyen da Ke Ƙirjin Tanko

Wara, 9 ga Satumba, 1984

Zuwa ga Yaya Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara a Sakkwato.

Har yau ba a ga ɗan'uwanmu Tanko ba tun da kwalekwalensa ya kife a Yauri. Matarsa Habsatu ba ta fara takaba ba, ta ce ba ta yi wa mai rai takaba. Kullum sai ta ajiye masa tuwo. Inna ma ta ƙi yarda a yi mata gaisuwa.

Yaya, ni na san inda yake. Mai bishara Yakubu ya ba ni labarin wata gawa da ruwa ya kai ƙauyensu, fuska ta lalace, amma da zanen gicciye a ƙirji. Suka ce ai nasu ne, suka binne shi bayan coci. Ya ce hannun gicciyen na hagu a karkace yake. Kin tuna shekarar da tafki ya cinye tsohon garinmu, Inna ta kai mu, ni da Tanko, wurin wanzami ya zana mana gicciye a ƙirji? Ni na daure, shi kuwa matsoracin nan ya zabura, aska ta goce. Mun daɗe muna yi masa dariya. 

Ƙaninki,
Andarawus

Wara, 30 ga Satumba, 1984

Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso. Kin ce in faɗa kawai. Daga Sakkwato komai da sauƙi!

Kin manta shi ba Tanko ba ne a wurin dangin matarsa? Sahabi ne, ya musulunta, ya mutu musulmi, ga shi kwance bayan coci ba a yi masa salla ba. In na gaya wa surukinsa Malam Ladan, ina tsoron ya ce a tono shi. In na gaya wa Inna, za ta ce Yesu ya karɓi abinsa, kuma ba mai taɓa kabarin tana numfashi. Kin san rigimar da za ta biyo baya. In kuwa na yi shiru, na ɗaure Habsatu, ba miji ba takaba.

Na je Yauri ranar kasuwa da niyyar magana. Habsatu ta kawo mini ruwa, ta ce in duba mata jiragen da ke zuwa daga Wara, ko yana ciki. Na sha ruwan na tashi kamar ɓarawo. Ko wanka zan yi sai in kau da kai daga nawa zanen. Da ina ganinsa alamar ni na Almasihu ne, yanzu fuskar Tanko kawai nake gani. Ki sa ni a addu'a, na gaji.

Naki,
Andarawus

Wara, 21 ga Oktoba, 1984

Yayata,

Ina gaishe ku, da fatan zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka.

Na faɗa. Habsatu ba ta yi ihu ba, hannun hagun kawai ta tambaya, ko a karkace yake. Ashe da ya musulunta an ba shi shawara ya ƙone zanen da ƙarfe, ya ƙi. Ya gaya mata coci ya bari, bai bar Inna ba. Ranar ta shiga takaba.

Malam Ladan ya ce ba a tada wanda ya kwanta. Ya nemi izinin Yakubu, suka je da mutanensa suka yi masa salla a bakin kabarin.

Inna na fi tsoro. Na jira ta ce ya dawo gida wurin Yesu, ba ta ce ba. Ta tambaya wa ya wanke shi, ta kama kazarta ta ce a kai masa. Sai ta dafa ƙirjina, ta ce lokacin da ruwan tafki ke tasowa wa tsohon garinmu abin da ta roƙi Yesu ke nan, duk inda ɗanta ya faɗi a samu mai ɗaukarsa, kada kifi ya ci. Ta ce aikin da ta ba zanen ke nan, kuma ya yi.

Ki zo ki gan ta, ta rame ƙwarai.

Ƙaninki da ya rage,
Andarawus