Sunan Da Ya Manne A Tele

Tasawa, 4 ga Agusta

Zuwa ga aminiyata Samira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Urafan, ya ruwa, ya jikin Kaka? Allah ya ƙara mata sauƙi. Tunda wayarki ta portabul ta faɗa randa, ga ni na koma bik da takarda kamar 'yan matan cikin littafi, kuma wallahi hakan ya fi mani daɗi. Baba Hamani direba zai miƙa maki ita ranar kasuwa.

Labari na farko: Yaya Lamine ya dawo daga Maraɗi da wata tele ƙatuwa, siririya kamar faranti. Inna ta yi murna ta ce za mu riƙa kallon wasan kwaikwayo, sai ya ce ba ta kallo ba ce, ta aiki ce. Ya kai ta shagonsa ya haɗa ta da ordinatar, wato kwamfuta, yanzu a jikinta yake buga wa mutane takardu. Wai OLED ake ce mata. Samira, baƙinta baƙi ne na gaske, kamar ka leƙa rijiya. Da yake vakansi ne, an ba mu hutun makaranta, ya sa ni zama a shagon ina yi mashi fotokofi.

Labari na biyu shi ne ya sa na ɗauki bik. Ban san yadda zan faɗa ba. Tun da tele ɗin nan ta zo Yaya ya canza. Ko tashi zai yi ya sha ruwa sai ya danna wani abu fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Ya ɓoye layin nan na ƙasa mai ƙananan hotuna. Hoton baya ma ya cire, da hoton gonarmu ne, yanzu duhu kawai. Ranar da na matsa kusa don in gani, ya ce in ja baya, kar in taɓa komai. Ni da nake wanke mashi riguna!

A duk littafin da na karanta, namijin da ke kashe abu da zarar an shigo, akwai abin da yake ɓoyewa. Ban ce komai ba fa. Ina dai kallo, saboda ke ce za ki zama matar Yaya bayan kaka, kuma ke kika ce in zama idonki.

Ki gaishe da Kaka da kowa da kowa.

Taki kullum,
Raihana

Tasawa, 25 ga Agusta

Samira aminiyata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun wuni lafiya, gero kuma yana kyau. Na samu wasiƙarki, na ga inda kika ce littattafai sun dagula mani kai. Ni ma na so a ce haka ne.

Shekaranjiya da safe Yaya ya kunna ordinatar, sai wani mai lalle ya kira shi waje a kan katin biki. Fuskar tele ta tsaya toka-toka kafin ta gama buɗewa. Ina share tebur na ɗaga kai, sai na ga wani abu a sama, ta hagu. Rubutu ne, amma ba rubutu sosai ba, kamar inuwarsa, kamar shatin da tulu ke bari a ƙasa idan an ɗauke shi. Na goga da gefen hijabina, bai fita ba. A ciki yake.

Haruffa biyu na farko sun dushe. Na uku R ne, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Sai ɗan wani fili mai dishi-dishi, sannan A da U. Na rubuta a bayan kayena, littafin rubutun nan nawa, na yi ta juya su har azahar. Samira, sunan wa ke da R a tsakiya ya ƙare da AU? Ni dai Zara'u kawai na samo. Filin nan kuwa, ina jin zuciya ya zana a wurin.

Kuma akwai Zara'u. Wata malamar lakwal ce, mai koyarwa a makarantar boko, daga Mayahi, doguwa, mai gilashi da turare mai sanyi. Duk sati sai ta zo da kile ɗinta, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar, a buga mata takardun da ke ciki. Idan ta zo Yaya yakan ja mata kujera kusa da tele, wadda ni ya hana ni matsawa gare ta, su yi ta faransanci suna dariya. Rannan har ya aika ni in sayo mata ruwan sanyi. Na sayo mai ɗumi.

Na yi tunani sosai. Sunan da mutum ya yi ta kallo har ƙarfe da gilashi suka haddace shi, ai ba kallon wasa ba ne. Ba da son raina nake rubuta wannan ba, don Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma in na yi shiru kika sani daga baya, da wane ido zan dube ki?

Ki ƙona takardar nan idan kin gama.

Mai ƙaunarki,
Raihana

Tasawa, 8 ga Satumba

Samira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kaka, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin karanta wannan.

Baba Hamani ya kawo ƙullin da kika aiko: gyalen da Yaya ya ba ki da sallah, da kwalbar turaren da ba ki ko buɗe ba, da saƙon cewa kawunnanmu kar su wahalar da kansu zuwa gaisuwa bayan kaka. Ni ban ce ki yi haka ba! Yaya ya ajiye ƙullin a kan injin fotokofi, ya zauna yana kallonsa. Kwana uku tuwo kaɗan yake taɓawa. Inna tana ta tambayata ko na san wani abu, ina cewa a'a, Allah ya yafe mani.

To jiya Malama Zara'u ta zo. Ta zauna tana duba takardunta a jikin tele, sai ta cire gilashi ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Can ta fashe da dariya, ta ce wa Yaya ashe ba idonta ba ne, kalmar Bureau ce ta manne mashi a ekran, wato fuskar tele, ko so yake kowa ya san yana da ofis?

Bureau, Samira. B, U, R, E, A, U. Kalmar da ke saman tagar da Yaya ke barin ta a buɗe tun safe har yamma, inda yake ajiye takardun mutane. Kalmar da Mushe malaminmu ya sa muka rubuta a allo tun muna aji biyu. Zuciyar da na ce ya zana, E ce.

Yaya ya dafe kai. Ya ce mai shagon Maraɗi ya gargaɗe shi tun ranar saye: irin wannan tele kowane ɗigo nata shi ke ba da haskensa, abin da ya daɗe a wuri ɗaya sai ya cinye ɗigon wurin, ya bar tabon da ba ya fita har abada. Don kallo aka yi ta, inda hoto ke motsi, shi kuwa ya sa ta aikin da rubutu ke tsaye wuri guda. Shi ya sa yake kashe ta in zai tashi, ya ɓoye layin ƙasa, ya cire hoton gona. Ya kiyaye ko'ina, ya manta da kusurwa ɗaya. Malama kuwa ta tattara takardunta ta fita, mijinta na jiranta a kan moto da tagwayensu biyu. Tagwaye, Samira!

Da shagon ya yi shiru na faɗa mashi komai, ina kallon yatsun ƙafata. Na nuna mashi bayan kayena. Na so ya yi faɗa, ko ya ce in tafi gida. Ya daɗe yana kallon haruffan, sannan ya ce ashe kuɗin lakwal ɗina a kan littattafan soyayya suka ƙare. Tun daga nan bai sake ce mani ko sannu ba.

Laifina ne ni kaɗai. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Na mayar maki da ƙullin ta hannun Baba Hamani ba da sanin Yaya ba. Don Allah kar ki sake dawo da shi.

Wadda ta yi maki laifi,
Raihana

Tasawa, 15 ga Satumba

Aminiyata Samira,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarfin jikin Kaka? Na ga amsarki, layi biyu kacal: wai ta yaya za ki san ba Yaya ne ya sa ni na ƙirƙiro labarin Bureau ba. Ba zan ga laifinki ba. Ni na koya maki zargi, ga shi kin fi malamarki.

Na ajiye mashi takardarki a kan tebur na gudu bayan injin fotokofi. Ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kin san shi, maganar zuciya ba ta fita bakinsa, ko gaishe ki zai yi sai ya yi ta gyaran hula.

Washegari na iso shago na tarar da mutane a ƙofa suna leƙe. Yaya ya ɗauko tsohon ƙaramin ekran ɗinsa mai tsagewa, a kansa yake aiki. Ita kuwa babbar tele, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta, ya ƙure mata haske, ya rubuta kalma ɗaya da jan rubutu tun daga wannan gefe har wancan: SAMIRA.

Yau kwana biyar ke nan. Da an kawo wuta ita yake fara kunnawa. Baba Hamani ya ce mashi Lamine za ka lalata kayanka, ya ce ya sani. Mai lalle ya ce ko a fim bai taɓa ganin ango irin wannan ba. Ni dai na duba littattafaina duka, babu wanda ya yi haka a ciki, su furanni kawai suke kawowa.

Ɗazu da wuta ta ɗauke ta dawo, fuskar ta yi toka-toka, na matsa kusa, kuma bai hana ni ba. S ɗin ta fara kamawa. Ki shigo motar Baba Hamani ki zo ki karanta da idonki, kar ki yarda da nawa. In kin zo da wuri ƙila a ceci tele ɗin. In kin daɗe, duk wanda ya zo buga takarda a Tasawa ta cikin sunanki zai riƙa karanta ta.

Ki sa gyalen.

Ƙanwar mijinki in Allah ya so,
Raihana