Kallon Idon Babba

Laraba da dare, Maƙarfi

Tun da muka taso daga Paki nake son shiga cikin 'yan agajin asibiti. Yau dai na daure na je. Anti Rahila mai koyarwa ta sa tsohon maigadi ya kwanta a kan tabarma kamar ya suma, ta ce in duba idonsa. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, tabarmar ce ba lafiya?" in ji ta. Aka yi ta dariya. Ran Asabar za ta sake gwada ni, in na kasa, shi ke nan.

Ni kuwa an koya mini kallon idon babba rashin kunya ne.

Ɗazu na gwada a kan Baba yana cin tuwo. Ya ajiye loma ya ce, "Ke, me kika fasa?"

Amma ban sauke ido ba.